Wasiƙa ga Wakilanmu a Majalisar Tarayya: Ina Aka Kwana a Shari'ar Manyan Bankunan 2009?

Zuwa ga sanatoci da 'yan majalisar wakilai da muka tura Abuja, musamman masu zama a kwamitocin harkar banki da na shari'a.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranku ya daɗe.

A watan Maris na 2024 Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su ƙara jari: naira biliyan 500 ga mai lasisin ƙasa da ƙasa, biliyan 200 ga mai aiki a faɗin Najeriya, biliyan 50 ga na yanki, aka ba su wa'adin ƙarshen Maris na 2026. Tun daga nan suka sake fitowa kasuwa, ana tallar hannun jari a rediyo da waya da allunan bakin titi. Mu da muka yi aikin banki a zamanin da Charles Soludo yake gwamnan Babban Banki mun san wannan kiɗan, mun kuma ga yadda rawar ta ƙare. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Kafin a sake tara kuɗin talakawa a damƙa wa wasu 'yan tsiraru, ya kamata ku gaya mana inda aka kwana a kan waɗanda aka damƙa wa a karon farko.

Wasunku suna jami'a a lokacin, don haka bari in ɗan koma baya. A watan Yuli na 2004 Soludo ya ɗaga mafi ƙarancin jarin banki daga biliyan 2 zuwa biliyan 25. Zuwa ƙarshen 2005 bankuna 89 sun koma 25. Ba a tsaya nan ba. A 2006 da 2007 bankunan suka dinga komawa kasuwa suna neman ƙari, farashin hannun jari kuma kullum sama yake yi. A reshen da nake aiki a Kano, wanda ba zan kama sunansa ba, layin masu sayen hannun jari ya fi na masu cirar kuɗi tsawo. Malaman makaranta ne, da 'yan fansho da suka karɓi garatuti, da 'yan kasuwar Kwari da Singa, da matan da suka kwashi adashi. Da yawansu mu muke cike musu fom, su dangwala. Tambayarsu biyu ce: halal ne? Kuma yaushe za a fara ba da riba? An ɗora wa kowane ma'aikaci adadin da zai sayar, wanda bai cika ba manaja ya san da shi. Har yau akwai dattawan da takardun shaidar nan ke naɗe cikin leda a ƙasan akwatinsu, tare da takardar gida da ta haihuwar 'ya'ya. Wasu sun rasu, magada sun ɗauko takardar sun kai wa dillalin hannun jari, ya duba sunan bankin ya ce musu babu shi.

Abin da ake yi a sama lokacin, mu na ƙasa ba mu gani ba sai daga baya. Sanusi Lamido Sanusi, wanda ya gaji Soludo, ya zayyana shi a laccar da ya gabatar a Jami'ar Bayero a watan Fabrairu na 2010. Wasu shugabannin bankuna sun kafa kamfanonin da babu komai a cikinsu sai suna, suka ranta musu kuɗin masu ajiya, kamfanonin suka sayi hannun jarin bankin da kuɗin. Kamar ɗan kasuwa ne ya ɗauki ajiyar da maƙwabta suka ba shi, ya ba yaronsa ta bayan rumfa, yaron ya zagayo ta gaba ya sayi kayan da tsada a idon jama'a, don a ce haja tana tafiya. Farashi ya hau, malamin makaranta ya gani ya shigo da nasa gumin, kuma abin da aka rubuta a littafi a matsayin sabon jari ashe kuɗin masu ajiya ne aka sauya wa riga. Ga kuma basussukan da aka ba 'yan uwa da abokai babu jingina, da maƙudan da aka zuba wa masu shigo da mai. Da rikicin kuɗi na duniya ya iso, masu jarin waje suka janye, gangar ɗanyen mai ta faɗo daga dala 147 a watan Yuli na 2008 zuwa ƙasa da dala 40 a ƙarshen shekarar. Tsakanin Maris na 2008 da Maris na 2009 kasuwar hannun jari ta Legas ta yi asarar kusan kashi biyu cikin uku na darajarta.

Ranar Juma'a, 14 ga Agusta, 2009, Babban Banki ya sauke shugabannin bankuna biyar: Intercontinental, Oceanic, Afribank, FinBank da Union Bank, ya zuba musu naira biliyan 420. A watan Oktoba aka ƙara uku, Bank PHB da Spring Bank da Equitorial Trust, da wasu biliyan 200. Aka buga sunayen manyan masu cin bashi a jaridu. Hukumar EFCC ƙarƙashin Farida Waziri ta kama mutanen da a da sai dai a hango su a jirgin haya na musamman ko a sahun gaba na taron karramawa. A gaskiya, a wannan watan mun yi abin da Amurka ba ta yi ba. Can da rikicin ya samo asali, gwamnati ta ware dala biliyan 700 don ceto bankuna, amma babban jami'in banki ɗaya aka fi sani da ya shiga kurkuku a kan rikicin, Kareem Serageldin na Credit Suisse, wata 30.

Kamu ba shi ne hukunci ba, kuma a nan muka yi sake.

Shari'a ɗaya ce ta ƙare da wuri. A watan Oktoba na 2010 Cecilia Ibru ta Oceanic ta amsa laifi uku a Babbar Kotun Tarayya da ke Legas, aka yanke mata wata shida, ta kuma sallama kadarori da hannayen jari da aka ƙiyasta a kan kusan naira biliyan 190, a Najeriya da Dubai da Amurka. Saboda rashin lafiya, a asibiti ta yi zaman. Mutane sun yi ta tsaki a kan wata shidan, suna kwatanta shi da hukuncin ɓarawon akuya, kuma ban ga laifinsu ba. Amma idan aka jera shari'o'in gaba ɗaya, ita ce wadda aka gama cikin wata 14, ita ce kuma wadda aka ga dukiya ta dawo tun kafin ta ɓace. Abin da ya rage a kanta shi ne lissafi, zan zo gare shi.

Sauran fa? Okey Nwosu na FinBank, sai a watan Janairu na 2021 Mai shari'a Lateefa Okunnu ta Babbar Kotun Legas ta same shi da laifi, ta yanke masa shekara uku. Shekara goma sha ɗaya da ɗoriya ke nan bayan sauke shi, kuma wani babban yanki na lokacin ya tafi ne a gardamar hurumi, wai kotun jiha ce ya kamata ta saurara ko ta tarayya. Francis Atuche na Bank PHB, a watan Yuni na 2021 aka same shi da laifi a kan naira biliyan 25.7, Kotun Ƙoli ba ta rufe maganar ba sai 2024. Erastus Akingbola na Intercontinental, wanda ya musanta tuhumar da ake masa, tasa ta fi kowace yawo. A watan Afrilu na 2012 Mai shari'a Charles Archibong ya kori ƙarar da cewa masu gabatar da ita ba da gaske suke ba. A 2015 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke wannan hukunci. A 2018 Kotun Ƙoli ta ce a koma a yi shari'a. A 2019 aka sake gurfanar da shi, wato shekara goma bayan faruwar abu aka dawo kan karanta tuhuma. A tsakanin nan, wata kotu a Landan ta saurari ƙarar neman kuɗi da bankin Access, wanda ya gaji Intercontinental, ya shigar a kansa, ta ji shaidu, ta yanke hukunci tun 2012 cewa ya biya sama da fam miliyan 600. Mutum ɗaya, banki ɗaya, takardu kusan iri ɗaya.

Ni ba alƙali ba ne, ba kuma ina cewa duk wanda aka tuhuma mai laifi ne ba. Jinkirin nan ya cuci kowa. In mutum ba shi da laifi, an bar shi shekara goma sha biyar da tabo a goshi. In kuwa yana da shi, an ba shi abin da ya fi buƙata, wato lokaci: shaidu su mutu ko su bar ƙasa, ma'aikacin da ya san inda fayil yake ya yi ritaya, alƙali ya sami ƙarin girma a fara daga farko, naira kuma ta zube. Biliyan 25 ta 2009, lokacin da dala take wajen naira 150, ku auna ta da ta yau ku ga abin da ya saura ko da an biya ta cif.

Ga yadda hisabi yake a ƙasan banki, don ku ga bambancin. Kashiya in ta rufe da yamma aka ga giɓin naira dubu biyar a akwatinta, ba za ta tafi gida ba. Za a sake ƙirga kuɗin ɗauri-ɗauri, a bi takardun ranar ɗaya bayan ɗaya, a buɗe kwandon shara. In ba a gani ba ta rubuta bayani, a cire a albashinta a ƙarshen wata, a kuma sa a fayil ɗinta. Na ga an yi sallar isha a kan wannan, mijin yana waje a kan babur yana jira. Babu ɗage zama, babu gardamar hurumi. Waɗannan ma'aikata ne aka sallama dubbai bayan 2009, ba su ba da rancen ko sisi ba.

Sai maganar wanda ya biya. An sha faɗa, kuma gaskiya ne, cewa babu mai ajiyar da ya rasa kuɗinsa a 2009. Amma ramin bai cike kansa ba. Biliyan 620 ɗin rance ne. Asarar ta ainihi an kwashe ta ne aka kai hukumar AMCON, wadda aka kafa a 2010 don ta sayi ruɓaɓɓun basussuka ta kuma cike giɓin jarin bankunan. Hukumar da bakinta ta sha faɗa cewa ana riƙe mata sama da naira tiriliyan 4, kuma masu bashi 350 ne kacal ke riƙe da mafi yawansu. Kowace shekara bankuna na biyan rabin kashi ɗaya cikin ɗari na dukiyarsu don rage wannan nauyi. Banki ba ya buga kuɗi. Daga ruwan da yake ɗora wa mai neman rance da ƙananan cire-ciren da muke gani a alat yake fitar da shi.

Ku bi sawun bankuna ukun da gwamnati ta karɓe a watan Agusta na 2011, ranar da masu hannun jarinsu suka wayi gari babu komai. Afribank ya koma Mainstreet, Skye Bank ya saye shi a 2014. A watan Satumba na 2018 aka soke lasisin Skye, aka kafa Polaris, AMCON ta zuba naira biliyan 786. Spring Bank ya koma Enterprise, Heritage ya saye shi a 2014. Ranar 3 ga Yuni, 2024 aka soke lasisin Heritage, kuma a wannan karon masu ajiya sun ji a jikinsu, domin inshorar NDIC, hukumar da ke inshorar kuɗin masu ajiya, ta tsaya ne a naira miliyan 5, mai sama da haka sai jiran a sayar da kadarori. Bank PHB ya koma Keystone, wanda Babban Banki ya rushe hukumar daraktocinsa a watan Janairu na 2024 tare da na Polaris da Union. Uku cikin uku, ranku ya daɗe. Wanda ya kalli yadda shari'o'in 2009 suka tafi, me zai tsorata shi?

Na san a lokacin an yi ta cewa Sanusi yana aiwatar da wata manufa ce ta Arewa, kuma na san har yau akwai masu jin daɗin a ce ɓarnar banki halin wasu ne can Kudu. Kada ku hau wannan. Bank of the North namu ne, gwamnatocin jihohin Arewa ne suka mallake shi, doguwar hedikwatarsa tana nan tsaye a Kano. Bai kai labari shi kaɗai ba, sai da ya shiga haɗakar bankuna tara da ta haifi Unity Bank a 2006. A 2024 Babban Banki ya amince da tallafin naira biliyan 700 don haɗe Unity da Providus. Cin amanar ajiya ba shi da ƙabila, jerin masu bashin AMCON ma haka.

Babban abin da nake roƙo a wurinku kuna da ikonsa yau, ba sai an gyara tsarin mulki ba, domin sashe na 88 ya ba ku damar bincike. Ku kira Babban Banki da NDIC da AMCON da EFCC da Ministan Shari'a, a zaman da kowa zai iya kallo, su kawo lissafi banki-banki tun daga 2009. Wa aka tuhuma, a wace kotu, sau nawa aka ɗage, wa ya nemi ɗagewar, ina maganar ta tsaya. Kadarorin da aka ƙwace, gida-gida: nawa aka ƙiyasta, wa ya saya, nawa ya biya, kuɗin wane asusu suka shiga. A kuma haɗa da masu sa ido, domin littattafan da suka nuna riba a 2008 akwai kamfanonin binciken kuɗi da suka sa musu hannu, akwai daraktocin da suka karɓi alawus na zama suka amince, akwai jami'an Babban Banki da na NDIC da suka je dubawa. Sanusi kansa ya lissafa raunin sa ido da gazawar cikin gidan Babban Banki cikin dalilan rushewar. A buga rahoton, a fassara shi, mu ji shi a rediyo da Hausa.

Ƙasar Aisland ta yi haka, kuma mutanenta a lokacin ba su kai na ƙaramar hukumar Dala ba. Manyan bankunanta uku sun rushe cikin mako guda a watan Oktoba na 2008. Majalisarsu ce ta kafa kwamitin bincike, ya fitar da rahoto mai shafi sama da 2,000 a watan Afrilu na 2010, har 'yan wasan kwaikwayo suka karanta shi a bainar jama'a dare da rana sai da suka kai ƙarshe. Aka naɗa mai gabatar da ƙara na musamman da ba shi da wani aiki sai wannan. Shugaban bankin Kaupthing, ɗaya daga cikin ukun, ya sami ɗaurin shekara biyar da rabi, Kotun Ƙolinsu ta tabbatar a 2015. Ko maƙwabtanmu Gana, da suka soke lasisin Capital Bank a watan Agusta na 2017, sun yi sulhu da wanda ya kafa shi, William Ato Essien, a kan ya dawo da sidi miliyan 90. Da ya kasa cika alkawari kotu ta ɗaure shi shekara 15 a 2023. Sassaucin nasu yana da haƙori.

Ba kotun soja nake nema ba. Mun ga Dokar Bankunan da Suka Durƙushe ta 1994 a zamanin Abacha, da kotunanta na musamman. An yi sauri, an kuma kwato kuɗi, amma an tsare mutane wata da watanni ba beli, shi ya sa da mulkin farar hula ya dawo a 1999 aka mayar da aikin Babbar Kotun Tarayya. Tsakanin wancan da abin da muke ciki akwai fili mai faɗi. Ƙarar zaɓe tana da wa'adi a tsarin mulki, kwana 180 a kotun farko, kwana 60 a ɗaukaka ƙara, ku ne kuka sa shi, domin kujerunku ne a kai. Ajiyar mutum miliyan guda ba ta cancanci irin wannan ba? Dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta hana dakatar da shari'a don an ɗaukaka ƙara a kan wani reshe, amma da ta ce alƙalin da aka ƙara wa girma ya dawo ya ƙarasa shari'ar da ke hannunsa, Kotun Ƙoli ta ce a 2020 hakan ya saɓa wa tsarin mulki. To ga gyaran da ke jiranku, ku da kuke zaman gyaran tsarin mulki kusan kowace majalisa.

Akwai kuma abin da ba ya buƙatar kurkuku. Ba kowace rushewar banki ce sata ba. Wani lokaci ganganci ne da haɗama, kuma kotu ba ta ɗaure mutum don ya yi wauta. Amma bai dace ya tafi da ladan wautar ba. A Ingila tun 2016 kowane babban jami'in banki yana da rubutaccen bayanin ɓangaren da ke wuyansa, don kada gobe ya ce kwamiti ne ya yanke. Sun kuma ba da damar a karɓo garaɓasar da aka biya shugaba shekaru bayan ya karɓa, idan ribar da aka yi masa kyauta a kanta ta zama ta bogi. Ku sa irin wannan a cikin doka, kada a bar shi a takardar umarni da gwamnan Babban Banki zai iya sauyawa da safe ɗaya. Mun ga yadda wa'adin shekara 10 da aka sa wa shugabannin bankuna a 2010 ya koma 12 a 2023, mun kuma ga waɗanda suka sauka ta ƙofar manajan darakta suka dawo bayan 'yan shekaru a kujerar shugaban hukumar daraktoci, duk bisa ƙa'ida. Sunayen waɗanda aka haramta wa aikin banki kuma a kafe su a inda mai sayen hannun jari zai gani kafin ya dangwala.

Saura magana ɗaya, ku yi haƙuri da ita. Duk wanda ke cikinku da AMCON ke binsa bashi, ko kamfaninsa, ko na matarsa, ko yake da kujera a hukumar daraktocin wani banki, ya faɗa a zauren majalisa kafin a fara wannan zama, ya kuma bar wa wani kujerarsa a kwamitin har a gama.

Idan kun sa ranar zaman, ku sanar a gidajen rediyon Kano da Kaduna da Sakkwato da Maiduguri mako biyu kafin lokaci. Akwai tsofaffin ma'aikata da yawa da suka san abin da aka sa su rubuta a 2007, kuma za su zo su faɗa in an ba su kariya.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon ma'aikacin banki,
Kano.